Damagaram: Masu Taɓin Hankali a Layin Jiran Shari'a

Tsakanin Kano da Damagaram kilomita wajen 240 ne, amma bakin iyaka kan cinye wa matafiyi rabin yini. Cikin hunturu muka tashi, hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen titi, muka bi ta Kazaure muka faɗa Daura. Ba na wuce Daura ban tuna watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a garin suka fito da mutane ƙafafu duk sawun ƙarfe, 'yan makonni bayan an yi irin haka a Rigasa ta Kaduna. An yi ta surutu a rediyo a kan malamai masu ɗaure mutane, kuma surutun yana kan hanya. Abin da ba a tambaya ba shi ne halin da mai taɓin hankali ke shiga idan hukuma ce da kanta ta kama shi. Wannan tambaya ce ta tare ni a Damagaram, ni da na je gaisuwa kawai.

Daga Kwangwalam muka shiga Nijar ta Ɗan Barto. Aka duba takardu, aka canza naira zuwa sefa a ƙarƙashin wata rumfa, muka miƙa ta Matamai da Kance har Takeita, inda hanyarmu ta haɗu da babban titin da ya taso daga Yamai. Gonaki duk an girbe, sai karan hatsi a tsaye da rumbuna cike a bayan gidaje. Kafin a shiga birni akwai Tirmini, inda sojojin Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, wato birnin Damagaram. Direbanmu ya nuna filin da haɓa bai ko rage gudu ba. Mu Kanawa mun san Kuran Daga ta wata fuskar, don shi ne ya kawo yaƙi har Gezawa zamanin Sarki Alu.

Duwatsu ne ke fara yi wa baƙo maraba a Zinder, manya-manya masu sulɓi, wani bisa wani, gidaje sun kutsa tsakaninsu. A unguwar Birni lunguna ƙanana ne, bangaye da zane, soraye da zanko, ga fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da dogarai a ƙofa cikin ja da kore. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye garin da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa a nan gida, ayari kuma na tashi daga unguwar Zango ya bi ta Agadas har Tarabulus. Faransawa sun mai da garin hedikwatar mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sannan suka kwashe suka koma Yamai, kilomita kusan 900 daga nan. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar, kuma har gobe 'yan ga-ruwa da jarkokinsu ne ke fara tashin unguwa da asuba.

Na sauka a gidan wani dattijo abokin mahaifina, mai fataucin fata. Bayan an ci tuwo an kawo alkaki, muna zaune a zaure sai wata tsohuwa ta yi sallama, ta tsuguna daga bakin ƙofa tana gaishe shi. Ƙanwarsa ce. Suka yi magana ƙasa-ƙasa, ya zaro kuɗi ya miƙa mata, ta fita. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗana, gobe za ka raka innarka. Ni ƙafa ta hana ni, kuma ba na son ta riƙa shiga mota ita kaɗai."

A daren ya ba ni labarin. Ɗanta na fari ya tafi haƙar zinariya Jado, can arewa cikin hamada, inda aka gano zinariya a 2014 samari suka yi ta tururuwa har gwamnati ta rufe wurin a 2017. Aikin rami ne, ba barci, kuma da ƙwayar tramol ake yin sa. Da ya dawo sai aka ga ba shi ne ba. Ba ya barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana bin sa. Aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, wasu suka ce sammu, wasu suka ce iskokin daji ne ya taka. Daga baya aka kai shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Zinder, aka ɗora shi a kan magani, ya dawo hayyacinsa har ya kama sayar da itace. Da sauƙi ya samu, kuɗi kuma suka yi wuya, sai aka bar maganin. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo. Ranar wata kasuwar ƙauye ya ɗaga sanda ya rotsa wa wani bawan Allah kai, wanda bai taɓa gani ba, yana ihu wai shi aka aiko ya kashe shi. Jandarmomi suka ƙwace shi daga hannun jama'a, kuma da ba su zo ba da an kashe shi a wurin. Daga nan sai kaso. Wanda aka ji wa raunin ya warke, dangi sun je sun ba da haƙuri gaban mai gari, ya ce ya yafe duniya da lahira. Damina ta biyu ke nan ta wuce, yaron na ciki, ba a yanke masa komai ba.

Jihar Damagaram na da gidajen kaso da dama a garuruwanta, kuma ba zan faɗi wanda muka je ba. Mun isa da hantsi. A inuwar wata bishiyar bedi mata sun yi layi, kowace da kwano ɗaure cikin ɗankwali: tuwo, fura, ƙuli-ƙuli, garin rogo, sabulu. Sojan tsaron ƙasa da ke ƙofa, domin a Nijar su ke gadin gidajen kaso, yana buɗe kowane kwano yana sa mai shi ta ɗanɗana. Bai yi wa kowa tsawa ba, har ya ce da tsohuwar, "Inna, an zo lafiya?" Wanda ke jiran shari'a ba a ganinsa sai da takardar izini daga alƙalin da ke riƙe da maganarsa. Ita tana da tata, naɗe cikin leda tare da tsohon katin asibitin yaron. Ni ba ni da ita, sai na zauna a waje tare da wani dattijo da ya zo daga nesa a kan amalanke, aka ce masa takardarsa ta daina aiki.

Ba ta daɗe ba ta fito. Sai da muka yi nisa da ƙofar ta yi magana. "Malam, yau bai gane ni ba sai da na kira shi da sunan da nake kiransa yana goye." Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunansa na yanka ba. Ta ce ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, ya ƙi wanka. 'Yan ɗakinsu ne ke lallashinsa ya ci abinci, wanda suke kira sarkin ɗaki kuma ya ba shi wuri kusa da ƙofa saboda iska. Amma in dare ya yi ya fara ihu, mutum da yawa a ɗaki ɗaya, kowa da nasa baƙin cikin, wani lokaci duka ke sa shi shiru. Na tambaye ta ko ana ba shi magani. Ta ce in zazzaɓi ne ana ba shi. Na ce na kan fa? Ta ce ta nuna katin, an ce sai alƙali ya ce.

Da muka koma birni, mai masaukina ya aika aka kira masa wani maƙwabcinsa, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, ya zo ya warware mini yadda abin yake. A dokar Nijar, 'yan sanda ko jandarmomi na iya riƙe mutum awa 48, a ƙara sau ɗaya da izinin mai gabatar da ƙara. In al'amarin mai nauyi ne, sai a miƙa shi ga alƙalin bincike, wanda shi ke tattara hujjoji na tuhuma da na kariya kafin a je gaban masu yanke hukunci. Shi ke sa hannu a takardar da ke kai mutum kaso, shi ke da ikon yi masa sakin talala, shi kuma ke da ikon ya ce likita ya duba hankalinsa. Yafewar wanda aka cuta ba ta kashe ƙarar, domin ƙasa ce ke tuhuma. Dokar ta sa wa tsarewar iyaka, wata 12 a ƙananan laifuffuka, wata 30 a manya, ban da wasu da aka keɓe. Sai dai iyakar ba ta buɗe ƙofa da kanta, sai an samu wanda ya tashi ya ce lokaci ya cika. Lauyoyin Nijar kusan dukkansu a Yamai suke zaune. Alƙalin bincike ɗaya na iya riƙe da tarin takardun mutane masu yawa, a yi masa canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya faro karatu daga farko. Wanda ke da ɗan'uwa mai baki, ko mai kuɗin mota, takardunsa kan motsa. Mai lafiya ma yakan rubuta wa alƙali wasiƙa daga ciki, ko ya tare shi ranar da ya kawo ziyara. Wanda bai san ranar da yake ciki ba, wa zai tuna da shi?

Sai ga ƙullin da ya fi ɗaure mini kai. Kafin a ce ba shi da laifi saboda ciwo, sai likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi ya rubuta. Kafin likita ya duba shi, sai alƙali ya ba da umarni, a samu mota, a samu masu gadin da za su raka shi, a samu likitan. Nijar na da mutum sama da miliyan 25, likitocin ƙwaƙwalwarta kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, galibinsu a Yamai, inda sashen da kowa ya sani da Pavillon E yake. Sauran ƙasar na dogara ne da jami'an jinya da aka horar a wannan fanni. Jihar Damagaram ita ce mafi yawan jama'a a ƙasar, ƙidayar 2012 ta ba ta sama da mutum miliyan 3.5. Alƙali ba ya son ya yi shari'ar wanda bai san abin da ake faɗi ba, kuma yana da gaskiya. Ba ya son ya sake shi ya je ya sake rotsa wani, nan ma yana da gaskiya. Sai a ajiye takardun a ce sai sakamakon likita ya zo. Ba wanda ya yi mugunta da gangan a cikin wannan jerin, amma ga ɗan mutum yana ruɓewa a ɗaki.

Abin ya fi ciwo idan aka duba cewa shari'o'i biyu da garin nan ya sani duk bakinsu ɗaya a kan wannan mas'ala. Damagaram garin malamai ne, har unguwa guda ake kira Garin Malam, kuma duk almajirin da ya yi nisa ya san cewa wanda hankalinsa ya gushe yana cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami, tare da yaro da mai barci. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukan Birni, an kawo cewa Marwan ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya a kan wani mahaukaci da ya yi kisa, amsa ta zo cewa a tsare shi amma kada a yi masa ƙisasi. A fiƙihun Malikiyya abin da ya aikata hukuncin kuskure ne, diyya ta hau kan danginsa. Ka ga an kula da haƙƙin wanda aka cuta, an kare jama'a, ba a kuma azabtar da marar lafiya ba. Dokar da Faransawa suka kawo ma haka ta ce. Sashe na 64 na kundin laifuffukansu na 1810 ya kore laifi daga wanda ya aikata abu cikin hauka, kuma kundin Nijar na 1961 ya gaji wannan ƙa'ida. To zaman shekara da shekaru a ɗakin kaso ba magani ba hukunci, daga wane littafi aka samo shi?

Ba ina cewa zamanin sarakuna aljanna ba ne. Baturen nan James Richardson, da ya sauka Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake yawan kisa da yadda ake kama mutane a sayar. Hukuncin wancan zamani na da tsanani, mahaukaci mai duka kuwa turu ne rabonsa a bayan gida. Sai dai a turun ma yana hannun danginsa, uwarsa na ganinsa safe da yamma. Gidan kaso na zamani, da Turawa suka kafa don masu ƙin biyan haraji da masu gudun aikin tilas, ya zo da sabon abu: a raba mutum da kowa nasa, a rufe, a ce ya jira.

Kuma jiran kansa na haifar da ciwo. Masu shiga kaso da larurar kai iri biyu ne, akwai wanda ya shigo da ita kamar ɗan wannan tsohuwa, akwai wanda a ciki ta same shi. Wanda aka yanke wa shekara biyar ya san abin da yake ƙirgawa. Mai jiran shari'a bai san ko gobe ne ko baɗi ba. Kullum aka buɗe ƙofa aka fara kiran sunaye gabansa ya faɗi, a gama ba nasa. Yana tunanin gonar da ba a nome ba, da matar da danginta suka fara maganar raba aure, da kunyar da ya jawo wa gida, alhali wataƙila bai yi abin da ake zarginsa ba. Wanda ya saba da ƙwaya ko wiwi, an yanke masa rana ɗaya, jikinsa da kansa duk su rikice a makon farko. Shi ya sa binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawan kashe kansu, musamman a kwanakin farko. A 2012 wasu masu bincike biyu, Seena Fazel da Katharina Seewald, sun haɗa sakamakon nazarin da aka yi a kan fursunoni 33,588 a ƙasashe 24. Sun samu kusan 4 cikin 100 na da ciwon da ke raba mutum da hayyacinsa, sama da 10 cikin 100 kuma na da matsananciyar damuwa, kuma abin ya fi yawa a ƙasashe marasa ƙarfi. In aka bi wannan lissafi, gidan da ke da mutum 500 ba zai rasa wajen 20 da ba sa cikin hayyacinsu ba.

A Nijar fiye da rabin waɗanda ke kaso ba a yanke musu hukunci ba. Gidan kason Yamai, da aka tsara wa mutum 445, ya kai yana ɗauke da sama da 1,400. A can ne a watan Satumba na 1999 fursunoni 29 suka mutu a ɗaki ɗaya saboda rashin iska. Ka ɗora wannan cunkoso a kan zafin Damagaram na watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40, a rufe ƙofa tun yamma sai safe. Mai cikakken hankali ma yana iya zarewa.

Kada wani Bakano ya karanta wannan ya ɗauka matsalar maƙwabta ce. A Najeriya wajen kashi biyu cikin uku na mutanen gidan yari jiran shari'a suke. An daɗe ana ba da rahoton yadda gidan yarin Enugu ke ajiye masu taɓin hankali da ba su yi laifin komai ba, danginsu ne suka gaji suka kai su. Dokar mahaukata ta 1958, gadon Turawa, ita muka yi ta aiki da ita har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Tsakanin gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse da asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ba wata tafiya ba ce, amma ga wanda ba shi da mai bin maganarsa ta fi Kano zuwa Damagaram nisa.

A takarda dai ba a bar komai ba. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da fursunoni, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a 2015, sun ce likita ya duba duk wanda aka kawo tun shigarsa, kuma ƙa'ida ta 109 ta ce wanda ciwon kansa ya yi tsanani a mai da shi asibiti, kada a bar shi a kurkuku. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ta fitar da ƙa'idojin Luwanda a 2014 a kan kamu da tsarewa kafin shari'a. Kafin nan, a watan Mayu na 2003, wannan hukuma ta yanke hukunci a ƙarar Purohit da Moore a kan Gambiya, ta ce tsare masu taɓin hankali ƙarƙashin tsohuwar dokar mulkin mallaka, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba, tauye haƙƙi ne. A Yamai aka yi zaman da ya yanke wannan hukunci. Nijar da kanta ta yi sabuwar dokar tsarin gidajen kaso a 2017. Rubutu ya wadata, aiki ne ya yi ƙaranci.

Wata yamma wani ɗan kabu-kabu ya zaga da ni Kara-Kara, unguwar da aka kafa tun asali don kutare, aka tura ta bayan gari. A nan Aicha Macky, 'yar garin, ta ɗauki fim ɗinta mai suna Zinder da ya fito a 2021, a kan samarin da ke taruwa a majalisun da ake kira fale. Na gan su a bakin hanya suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da siminti da tsofaffin kayan mota, wasu na sayar da fetur a kwalabe. Da yawansu ba su da takardar haihuwa, ba su shiga makarantar boko ba, kuma kaso ba baƙon wuri ba ne gare su. Matatar mai ta SORAZ na aiki a arewacin garin tun 2011, amma ba su ta ɗauka ba. Ɗan kabu-kabun ya nuna mini wani saurayi zaune a gindin bango yana zane a ƙasa da tsinke, ya ce tare suka taso, lafiyarsa lau aka kama shi a wata rigima, da aka sake shi ba tare da an same shi da laifi ba, haka ya fito. Ban yi masa magana ba, don ban ga abin da zan ce masa ba da zai amfane shi.

Akwai wani ɓangaren da dole a faɗa, ko da ba daɗi. Ba kowane dangi ne ke son a sako musu nasu ba. Mai masaukina ya gaya mini ƙarara cewa cikin 'yan'uwan ɗan ƙanwar tasa akwai masu cewa gara yana can, aƙalla an san inda yake, ba ya dukan kowa, ba a kuma dukansa a kasuwa. Ban zarge su ba. Wanda bai kwana gida ɗaya da mai irin wannan ciwo ba, yana ɓoye wuƙaƙe da taɓarya kafin ya kwanta, bai san abin da suka gani ba. Maƙwabta ma na da haƙƙin su zauna lafiya. Saboda haka duk mai cewa a buɗe ƙofa kawai a sake su bai gama tunani ba, don daga kaso sai turu, ko yawo a bola yara na jifa. Abin da yaron nan ke bukata shi ne abin da ya taɓa warkar da shi a baya, wato magani, da wanda zai tabbatar yana sha.

Maganin kuma ba na masu kuɗi ba ne. Wani jami'in jinya da ya zo gaishe da mai gidan ya lissafa mini su: Haldol, Largactil, da irin allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya yarda ya haɗiyi ƙwaya. Tsofaffin magunguna ne, an fi shekara 60 ana amfani da wasunsu, suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma suna cikin mafiya araha a kantin magani. Suna da nasu illolin, suna sa jiki ya sandare ko hannu ya riƙa rawa, shi ya sa ake bukatar mai lura. Tun 2008 hukumar ta fito da shirin da ke koya wa jami'an jinya na ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da fara maganinsu ba sai an jira babban likita ba. Ma'aikacin jinyar gidan kaso zai iya koyon wannan cikin 'yan kwanaki. Ba magani kuma ba ya bukatar jiran hukuncin kotu. Ko yaron na da laifi ko ba shi da shi tambayar alƙali ce, amma ko yana da ciwo, wannan duk wanda ya dube shi ya san amsa.

Ni a ganina abubuwan da za su sauya wannan hali ba su fi ƙarfin jihar ba. A tambayi duk wanda aka kawo kaso, tun ranar farko, ko ya taɓa shan maganin kai, a rubuta. Shugaban kowane gidan kaso ya riƙe sunayen waɗanda ake ganin sun taɓu, ya aika wa mai gabatar da ƙara duk wata, a fara da takardunsu. Jami'in lafiyar ƙwaƙwalwa ya riƙa zagayawa gidajen kason jihar da jakar magani, maimakon a jira ranar da za a samu mota da mai da masu rakiya. Damagaram na da kotun ɗaukaka ƙara, tana da babban asibiti, tana da Jami'ar André Salifou, tana kuma da fada wadda har yau in ta yi magana ana ji. Masu wa'azi da ke cika gidajen rediyon garin su ware ko da zama ɗaya su gaya wa jama'a abin da Malikiyya ta ce a kan wanda hankalinsa ya gushe, su kuma gaya wa masu fitar da zakka cewa sayen maganin fursunan da ba shi da kowa yana cikin ciyar da miskini.

Kai kuma mai karatu, in kana da ɗan'uwa mai wannan larura, kada ka bari a yanke masa magani don an ga sauƙi, domin a nan yawancin waɗannan labarai ke farawa. In ƙaddara ta sa an kama shi, ɗauki katin asibitinsa da kwalin maganinsa ka bi shi tun daga wurin jandarmomi, ka ce a rubuta ciwon a takardar farko, ka roƙi alƙalin bincike da bakinka ya sa likita ya duba shi. A Nijar akwai hukumar ANAJJ, da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa hali a kan shari'a, kuma tana da ofisoshi a manyan kotunan jihohi. Je ka kai musu sunansa, ka koma, ka sake komawa, har a kira shi.